Neman Shawara: Yini Ɗaya Tak a Bakin Tafkin da ke Tsakanin Duwatsu

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Za mu tafi hutu ni da maigidana da yaranmu biyu da mahaifiyata, wadda ta haura shekara 70, kuma a tsarin tafiyar yini ɗaya tak muka ware wa wani tafki da duwatsu suka kewaye. Maigida yana son mu hau ƙololuwar dutse a motar nan mai tafiya a jikin igiya, yara sun ƙwallafa rai a kan jirgin ruwa, ni ina son sayen tsaraba, Mama kuwa burinta ta zauna ta ci abinci tana kallon ruwa. Tsorona kada mu ce sai mun yi duka, mu tashi ba tsuntsu ba tarko. Da wanne ya kamata mu fara?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ku fara da abin da yanayi zai iya hana ku, wato hawan dutse da jirgin ruwa, ku bar kanti da gidan abinci zuwa can da rana, tunda su suna ƙarƙashin rufi. A ƙasar duwatsu, musamman lokacin zafi, gari yakan waye sarai, amma da rana ta gasa jikin duwatsu sai iska mai ɗumi ta yi sama, gajimare ya taru, bayan azahar hadari ya haɗu. Wanda ya hau da yamma sau da yawa hazo kawai yake gani, alhali ya biya kuɗin tikiti. Tafkin ma da sassafe ya fi kwanciya, har ana ganin hoton duwatsu a cikinsa. Ku riƙe rigunan sanyi ko da kun bar masauki kuna gumi, domin zafi yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a kowace mita 1,000 da aka hau.

Amsa ta biyu: Na yarda da tsarin da ɗan uwa ya kawo, sai dai ni hankalina yana kan Mama. Hajiya, ki fara bincika tsayin wurin, domin tafkunan kan duwatsu ba ɗaya suke ba. Tafkin Tahoe na Amurka yana kan mita 1,897, na Titikaka da ke tsakanin Peru da Bolibiya kuwa ya kai mita 3,812. Daga wajen mita 2,500 ne mutane suke fara jin ciwon kai da jiri da tashin zuciya saboda ƙarancin iskar shaƙa, kuma motar igiya tana kai mutum sama cikin 'yan mintoci, jiki bai samu lokacin sabawa ba. Idan Mama tana da ciwon zuciya ko na numfashi, a nemi izinin likitanta tun kafin a tashi. In ta hau ta ce kanta yana sarawa, a sauko da ita nan take, kada a ce ta daure.

Sai batun rana, wadda sanyin wurin yake sa a raina ta. Ƙarfin haskenta mai ƙona fata yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a kowace mita 1,000, ga ruwan yana maido da shi fuska, don haka hula da tabarau wajibi ne. Yara kuma su sa rigar ceto kafin jirgi ya tashi. Ruwan irin waɗannan tafkuna galibi daga narkakkiyar ƙanƙara yake, kuma sanyinsa yana ɗauke numfashin gwanin iyo ma.

Amsa ta uku: Yaya, a kan tsaraba kada ki saya a kantin farko. Kantunan da ke bakin tashar jirgi sun fi tsada, kayansu kuma iri ɗaya ne. Ki shiga layi na biyu ko na uku, ki duba ƙasan kaya ki ga inda aka ƙera su, domin da yawa daga wata ƙasa aka kawo. Abinci kuwa ku kama teburi mai kallon ruwa tun da safe ta waya, ku ci kafin ayarin 'yan yawon buɗe ido su sauka da tsakar rana.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, ƙololuwar ta haura mita 2,500, saboda haka maigida da yara za su hau da sassafe, ni da Mama mu jira su a bakin ruwa, sannan mu shiga jirgi gaba ɗaya.

Amsa ta farko: Madalla, Hajiya. Da kun isa ku rubuta lokacin tashin jirgi na ƙarshe da na motar da za ta mai da ku masauki, domin a irin waɗannan wurare sufuri yana tsayawa da wuri, kuma dutse yana tare rana tun kafin magariba.