Wai tsofaffi sun fi yara jin zafin kaye a dara?

Jikan Baba, Yakasai: Jama'a ku raba mu. Na ce duk Kano babu mai ƙin a ci shi kamar tsoho. Ku leƙa majalisar dara bayan La'asar ku gani. Gurbi 30 ne kacal a ƙasa, kowa da 'ya'yansa 12, amma sai ka rantse gonar gado ake rabawa.

Tsohon Malami, Gwale: Yaro, ba fushi ba ne, kishin iyawa ne. Mutum ya yi shekara 35 yana aiki, ko ya cika 60 aka ce ya je ya huta. Jiya yana sa hannu a takarda, yau ko jikansa ba ya aikuwa. Ina ya rage masa da zai nuna kansa na ja? Wannan jera ukun da kake rainawa lissafi ne. Tun wajen zubin 'ya'ya ake cin dara, kafin a fara turawa, kuma ba a yarda ka jera huɗu ba. Wanda ya iya ya haɗa tarkon da zai riƙa buɗewa yana rufewa yana ɗauke maka ɗa ɗaya bayan ɗaya. Dole ka ji ciwo in ka faɗa.

Hajiya, Gwammaja: Malam, bar kare su. Mai gidana in an ci shi, tuwo ma laifi yake yi. Miya ba gishiri, fanka ta cika ƙara. Ranar da ya yi nasara kuwa, ciwon gwiwar nan da ke hana shi zuwa gaisuwar dangina sai ya ɓace.

Jikan Baba: Hajiya kin gama magana! Ga kuma dabarar hannun babbar riga. Da ya ga dara za ta ci gida, sai ya miƙa hannu wai gyara zama, rigar ta share gurabe. Kakana ma kunnensa ba ya jin sallama, amma in ana cinsa, shi ke fara jin kiran Magariba tun ladan bai yi alwala ba.

Ɗan Fagge: Ni ban yarda ba. Ku da kuke gaba ta mako guda kan ƙwallon Ingila? Tsofaffin nan za su yi cacar baki, a kira sallah su tsaya sahu ɗaya, gobe wanda aka ci ya riga kowa zuwa da goro a aljihu. In ɗayansu bai fito kwana biyu ba, abokin hamayyar ne ke fara zuwa dubiya.

Hajiya: Dubiya ko neman ramuwa? Na ji wani yana ce wa mara lafiya, "Allah ya ba ka sauƙi, kada ka tafi da cin da ka yi min."

Tsohon Malami: Jikan Baba, ka zo gobe bakin Ƙofar Na'isa. Zan bar maka 'ya'ya biyu kyauta, kuma da 'yar shara zan zo, kada ka ce riga ce.