Wai dunƙule ne ya kori daddawa daga tukunyarmu?

Maman Sadiƙ, Zariya: Salamu alaikum 'yan zaure. Ni dai a ganina dunƙule ne ya kori daddawa daga tukunyarmu. Yarinya za ta kaɗa miyar kuka ta jefa Maggi huɗu biyar, daddawa ko ƙwaya babu, in an yi magana ta ce wari take yi. Kuma idan masu saye suka ja baya, wane manomi ne zai bar ɗorawa tsaye tana yi wa gonarsa inuwa?

Baban Ummi, Kano: Wa alaikumus salam Hajiya. A nan kam ban bi ki ba. Ki shigo kasuwar Dawanau ki ga yadda kalwa take tashi. Yarbawa na ɗauka su yi iru, daddawarsu, mutanenmu ma na saye, farashi kullum sama yake yi. Abin da aka daina so ai ba ya tsada. Itacen ne ya yi ƙaranci: masu gawayi sun sare, an yanka gonaki an yi filaye, ɗorawa kuwa sai ta ɗebi shekaru kafin ta fara 'ya'ya, ba mai haƙurin dasa ta.

Goggon Yara, Funtuwa: Ku duka 'ya'yana ne, ku saurara, da hannuna na yi sana'ar nan. Kalwa sai ta wuni ta kwana a wuta kafin ta yi laushi. A zuba a turmi a surfe ɓawon, a kai rafi a wanke, a tsince tsakuwa, a sake dafawa, a rufe ta da ganye ta yi kwana biyu ko uku har ta ruɓa ta yi yauƙi. Sannan a daka, a mulmula, a shanya. Itacen da tukunya ɗaya take ci kaɗai ya isa ya cinye riba. Shi ya sa mata da yawa suka koma daddawar waken suya, don shi soyawa ake yi a ɓarza, ba ya shan wuta kamar kalwa. Wake ya ture kalwa fiye da yadda dunƙule ya ture ta. Kuma ba daddawa kaɗai muka rasa ba. Ina garin ɗorawa da yara ke sha? Ina makubar da muke daɓen ɗaki da ita?

Maman Sadiƙ: Allah ya ƙara girma Goggo, batun itace gaskiya ne. Amma talla fa? Duk azumi shirye-shiryen girki sun cika rediyo da talabijin, kowanne da dunƙule yake buɗewa. Nestlé, masu yin Maggi, na da masana'anta a Agbara, jihar Ogun, da motocin da ke kai kaya kowane ƙauye. Mai daddawa kuwa faifanta kawai gare ta.

Ɗan Maraɗi: Hajiya, mu ma dunƙule ya cika mana kasuwa, amma daddawar batso, ta gurguzun yakuwa, tana nan a miyarmu, domin yakuwa kowace damina ana shuka ta a gefen gero. Wannan ya goyi bayan Alhaji Baban Ummi: abin da ke gona shi ke shiga tukunya. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi sassaben zamani, suna barin tohon itace ya girma maimakon a ƙone shi, har aka farfaɗo da kusan hekta miliyan 5. Ku je wajen Mirriya ku ga kukoki cikin gonaki, mata na sayar da ganyen suna samun kuɗi. Manomin da ya tabbata itace nasa ne, ba na ma'aikacin daji ba, zai kula da shi.

Malamar jinya, Gusau: Ni abin da ya dame ni gishiri ne. Kusan rabin dunƙule gishiri ne, a jefa biyar kuma a ƙara wani a kai, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana. Masu hawan jini muna ganinsu a layi kullum. Ban ce dunƙule ba shi da amfani ba, ana sa wa wasu sinadarin ƙara jini da ayodin. Sai dai daddawa abinci ce mai gina jiki, a gidan da nama ba ya shiga ita ke tsaya wa yara.

Baban Ummi: To Malama, a ce gobe kowa ya watsar da dunƙule. Kalwar da za ta ishi Kano kaɗai daga ina za ta fito?

Maman Sadiƙ: Alhaji, da mun ci gaba da nema da ba a sare ba. Ni har yanzu ina kan bakana.

Goggon Yara: Hajiya, ɗorawar gonarmu da aka sare, a lokacin ina da masu saye har daga Malumfashi, ba sa barin ko ƙulli ɗaya. Gado aka raba, wanda gefen ya faɗo masa ya sayar wa masu gawayi, ba wanda ya shawarci matan gidan.