Me ya sa ake barin wanda ake zargi yana yawo, kuma me mai kai hari ke nema?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum. Abu biyu ke ɗaure mini kai. Bayan hari sai ka ji an ce dama jami'an leƙen asiri sun san da mutumin. To me ya hana su cafke shi? Na biyu, wanda ya tayar da bam a masallaci ko a tasha, wace riba yake ci?

Malam Nazari: Wa alaikumus salam. Bari in ɗauki ta biyun. Martanin da zai biyo baya shi ake farauta, ba yawan gawa kaɗai ba. A Samarra ta Iraƙi, ran 22 ga Fabrairun 2006, an rushe ƙubbar masallacin Askari, wuri mai tsarki ga 'yan Shi'a, don a tunzura su su afka wa 'yan Sunni, masu harin kuma su fito a matsayin garkuwar Sunni. Haka ake tsokanar gwamnati. Ta fusata, ta yi kamun kan mai uwa da wabi, dangin waɗanda aka zalunta su daina kai mata labari, wasu ma su shige daji. Kisan Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, a hannun 'yan sanda a Maiduguri, Yulin 2009, bai kashe ƙungiyar ba; a Satumban 2010 sun fasa gidan yarin Bauchi.

Hajiya Mai Lissafi: Ɗan'uwa, kan tambayarka ta farko: in ka kama ɗan aike yau, maigidansa ya canza lamba da maɓoya kafin magariba. Shi ya sa ake bin sawu: wa yake gani, wa ke ba shi kuɗi, ina yake kashe waya. Ta bin ɗan aike aka gano gidan Bin Laden a Abbottabad ta Pakistan a 2010. Kowane rahoto kuma ana ba shi maki biyu: amincin majiya daga A zuwa F, ingancin labarin daga 1 zuwa 6. Inda ake tuntuɓe shi ne majiya uku su kawo magana guda a ɗauka an tabbatar, alhali dukkansu daga baki ɗaya suka ji.

Mafi muni, labari ya kwana a durowa. Tun farkon 2000 CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, ta san da biyu daga cikin waɗanda suka kai wa Amurka harin 11 ga Satumban 2001, amma sai Agustan 2001 aka sa sunayensu a jerin waɗanda ake nema, lokacin sun daɗe da shiga Amurka.

Baban Sadiq: Hajiya, ki ƙara da majiyar da ke cin tudu biyu. A Khost ta Afghanistan, 30 ga Disamban 2009, wani likita ɗan Jodan da aka ɗauka ya kutsa cikin Al-Ƙa'ida ya zo ganawa a sansanin CIA. Don kar a ɓata masa rai, ba a caje shi a ƙofa ba, ga manyan jami'ai sun taru wuri guda suna jiransa. Ya tayar da bam, ma'aikatan hukumar 7 suka mutu, tare da jami'in Jodan da ke kula da shi.