Jagororin koyon Qt Designer da ke yawo a intanet: wanne zan bi?

Ɗan Anguwar Rogo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa ƙaramar manhajar lissafin kaya ta wani shagon magani a Terminus da ke Jos, da Python da Qt Designer (manhajar zana tagogi da maɓallai ta Qt). Jagororin da masu sa kai suka rubuta suna da yawa, kowa da tasa hanyar. Matsala biyu nake da ita. In na buɗe taga ta cika allo, maɓallan sai su tattaru a kusurwa ɗaya. Sannan wani misali da na kwafo ya tsaya a kan `Qt.AlignCenter`. Don Allah a taimaka.

Injiniya Bukuru:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka bi kowace jagora, duba layukan `import` na farko. In ka ga PyQt5 (PyQt ita ce ke haɗa Python da Qt), an rubuta ta ne don Qt 5. Qt 6 ta fito a Disambar 2020, kuma a PyQt6 dole ka rubuta cikakken suna: `Qt.AlignmentFlag.AlignCenter`. Haka nan `exec_()` ta koma `exec()`, `QAction` kuma ta bar QtWidgets ta koma QtGui. Tsofaffin jagororin ba su lalace ba, ɓangaren zanen taga kusan bai canza ba. Lambobin Python ɗin ne kake gyarawa.

Maganar maɓallai kuwa, ba ka sa wa babbar tagar tsari (layout) ba ne. Leƙa Object Inspector, wato jerin kayan tagar a Designer: za ka ga ɗan jan da'ira mai layi a kan `centralwidget`. Danna wurin da babu komai a cikin tagar, sai Ctrl+2 don jeri daga sama zuwa ƙasa, ko Ctrl+1 don jeri a kwance. Jan alamar za ta ɓace. Danna Ctrl+R, ka ja gefen tagar, ka ga ko kayan suna miƙewa tare. Duk jagorar da ke koya maka jan maɓalli da linzami ka ajiye shi inda ido ya so, ba ta ambaci wannan ba, ka bar ta. Daga nan yawancin masu koyo suke ɗauko mugun hali.

Maman Hanifa:
Ƙari a kan abin da Injiniya ya faɗa. Fayil ɗin `.ui` da Designer ke ajiyewa rubutun XML ne kawai. Mayar da shi Python haka: `pyuic6 taga.ui -o ui_taga.py`. Kar ka taɓa rubuta naka aikin a cikin `ui_taga.py`, domin duk ranar da ka sake wannan umarni za a shafe shi gaba ɗaya. Gargaɗin ma yana saman fayil ɗin. Buɗe wani fayil daban, ka shigo da ajin (class) da ke cikin `ui_taga.py`, ka kira `setupUi(self)`, a can za ka haɗa maɓallai da ayyukansu.

Wasu jagororin suna amfani da `>` maimakon `-o`. A tsohuwar PowerShell ta Windows wannan yana fitar da UTF-16, Python kuma ya ƙi karantawa da ƙorafin "null bytes".

Sannan ka raɗa wa kowane abu suna tun a Designer. `pushButton_7` ba zai tuna maka komai ba bayan wata guda, `btnAjiye` kuwa ya faɗi aikinsa.

Ɗan Anguwar Rogo:
Na gode Hajiya, Allah ya ƙara basira. Tagar ta daidaita. To PyQt6 ko PySide6?

Injiniya Bukuru:
Tunda mai shago zai biya ka, ni PySide6 zan ce, ita ma tana haɗa Python da Qt kamar PyQt6. Lasisinta LGPL ne, wanda ba ya tilasta maka buɗe lambobinka, PyQt kuwa GPL ce, wadda ke tilasta hakan, ko ka sayi lasisi daga kamfanin da ya yi ta, Riverbank Computing. Kuma `pip install PySide6` yana zuwa da Designer ɗinsa, ka rubuta `pyside6-designer` ya buɗe. Yana cin data sosai, gara ka sauke da daddare. Umarnin juyawa ya zama `pyside6-uic`, `pyqtSignal` kuma ya zama `Signal`. In za ka sa hotuna ta fayil ɗin `.qrc`, PySide6 tana da `pyside6-rcc`, alhali PyQt6 ta cire nata, shi ya sa jagororin da ke cewa `pyrcc5` ba za su yi maka aiki a PyQt6 ba.