Neman shawara: yaya zan lallaɓa kaina a ranakun da zuciya ta yi nauyi?

Tambaya daga wata malamar firamare, Yelwa, Bauchi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyata ta rasu wata bakwai ke nan, kuma tun da aka watse zaman makoki nake fama da wasu ranaku waɗanda ko tashi daga shimfiɗa sai na yi da gaske. Nakan yi kwana huɗu ko biyar lafiya lau, sannan in wayi gari ƙirjina a cunkushe, musamman ranar Juma'a, wadda a da nakan kai mata abinci bayan an sauko daga masallaci. Duk wanda na faɗa wa sai ya ce in yi haƙuri. Ban ƙi haƙurin ba, amma abin da nake nema shi ne yadda zan kai irin wannan wuni daga asuba zuwa dare, ga yara uku ga aji na jirana.

Amsar wata Hajiya daga Fadaman Mada:

'Yata, Allah Ya jiƙan mahaifiyarki, Ya kai haske kabarinta. Abin da na koya a wata huɗu da kwana goma na takabar maigidana shi ne, ranar da zuciya ta yi nauyi ba a ɗora mata aikin ranar lafiya. Ki yi dafa-duka a tukunya ɗaya, wanki ya jira gobe, ki yi wanka da ruwan ɗumi ki shafa mai ko da babu inda za ki. Kada ki wuni da yunwa don abinci ya fita ranki. Ki dama kunu mai ruwa-ruwa ki sha da ɗuminsa. Nana A'isha ta ruwaito cewa talbina, wato kunun sha'ir, tana sanyaya zuciyar majinyaci, tana rage baƙin ciki. Ni da ban samu sha'ir ba da gero na riƙa yi, ban ce ɗaya suke ba, amma cikina ya ɗauka.

Batun Juma'a kuwa, kada ki daina girkin nan. Ki zuba a kwanon da kika saba, ki nemi wata tsohuwa a maƙwabta ki kai mata da niyyar sadaka ga mahaifiyarki, domin ƙafar da ta saba fita a wannan lokaci ita ce take hana ki sukuni idan kika zaunar da ita.

Amsar wata ma'aikaciyar jinya:

Yaya, ki kula da barcinki kafin komai, domin babban mutum yana buƙatar aƙalla awa 7, kuma rashinsa yana ƙara wa baƙin ciki kaifi. Shayi da kofi da goro suna ɗauke da sinadarin da yake daɗewa awoyi a jiki, saboda haka ki bar su daga la'asar. Ki riƙa taka ƙafa na kamar minti 20 da yamma idan rana ta yi sanyi, ki kuma ajiye waya nesa da gado bayan isha'i. Sai dai idan nauyin ya zama na kullum har ya kai mako 2, ba ci ba barci, aiki ya gagara, to ki je sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da ke Bauchi; zuwa can ba ya nufin an haukace. Idan kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, a ranar za ki faɗa wa na kusa da ke ya raka ki.

Amsar wani malamin Islamiyya:

Malama, kuka ba ya warware haƙuri. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, Annabi Yaƙubu kuma idanunsa har fari suka yi saboda baƙin cikin rabuwa da Yusuf. Ki riƙe azkar na safe da yamma, idan duka sun yi miki yawa a ranar, ki ɗauki ɗaya ki maimaita a nitse.

Amsar wata 'yar uwa daga Gombe:

Ban yarda da ajiye waya gaba ɗaya ba. Da babanmu ya rasu, saƙonnin muryarsa na WhatsApp ne suka riƙa sa ni barci. Abin da na daina shi ne yawo a Facebook tsakar dare ina karanta sanarwar rasuwar mutane.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, akwai wata Baaba a bayan layinmu wadda 'ya'yanta duk suna Kano, kuma kwanon Mama yana nan ban taɓa shi ba tun ranar. Miyar kuka take so da man shanu, ita zan fara kaiwa jibi in Allah Ya yarda.