Neman kalmar Hausa: me za mu kira "vertical farming"?

Mai Fassara:
Salamu alaikum jama'a. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hasashen cewa nan da 2050 kashi 68 cikin 100 na mutanen duniya a birane za su zauna. Shi ya sa da wuya a yi maganar birnin gobe ba a taɓo "vertical farming" ba, wato noma ganye a cikin gini. Wasu na rubuta "noman tsaye", wasu "noman bene". Wanne za mu riƙe?

Injiniyan Ban-ruwa:
Wa alaikumus salam, Malam. A fara sanin abin tukuna. Kantoci ake jerawa, wata bisa wata. Kowace kanta na ɗauke da tire-tiren tsiro, saiwa na cikin ruwan da aka narka wa taki, ga fitilun LED a sama. Famfo ke tura ruwan, ya gangaro ya koma tanki, a sake turawa. Latas na son haske wajen awa 16 a rana. Ma'aunin tsamin ruwan kuma a riƙe shi tsakanin 5.5 da 6.5, in ya haura, saiwa ba ta iya jan sinadarin ƙarfe, sai sabon ganye ya yi rawaya.

To ka ga kantocin ne ke hawa kan juna, ginin ba dole ya zama bene ba. Katafaren sito ma ya isa. Kana cewa "noman bene" mai karatu zai hango lambu a kan rufin gida, wanda shi ma akwai shi, amma daban yake.

Malamar Harshe:
"Noman tsaye" kuma bai ce komai ba. Wace shuka ce ba a tsaye take ba? Ni dai ina ganin "noman hawa-hawa". Kalmar tana bakin kowa, kuma tana lanƙwasuwa: gonar hawa-hawa, gona mai hawa goma, hawa na uku ya kamu da cuta.

Ɗan Jarida:
Malama, ko "noman fitila"? Ya fi gajarta a kanun labari.

Injiniyan Ban-ruwa:
Ba zai game duka ba, Yallaɓai. Gonar Sky Greens da aka buɗe a Singafo a 2012 da hasken rana take aiki: hasumiyoyi ne masu tsawon mita 9, tire-tiren na kewayawa sama da ƙasa a hankali domin kowanne ya samu rabonsa na rana.

Sai dai ka taɓo inda gizo ke saƙar. Fitila na cin wuta, tana kuma fid da zafi, sai a kunna na'urar sanyaya ɗaki. Ganye na fitar da raɓa, sai a ƙara na'urar tsotse laima. In iska ba ta kaɗawa tsakanin kantoci, sinadarin kalsiyam ba ya kai wa ga ganyen tsakiya, gefensa ya ƙone ko da takin ya wadata. Inda ake fesa wa saiwa ruwa kuwa, famfo ya tsaya 'yan awoyi, shukar ta yi yaushi. Tsadar nan ce ta sa galibi ganye da ake girbewa cikin 'yan makonni ne ke biyan kuɗinsa, alkama ko shinkafa ba a ma maganarsu. Cikin masu wannan noma, kamfanin AeroFarms na Amurka ya shiga kotun fatara a 2023, kamfanin Bowery kuma ya rufe a 2024. Don haka in kuna fassara, kada ku rubuta kamar wannan noman kaɗai zai ciyar da birni.

Malamar Harshe:
Sannan a raba shi da "hydroponics". Wannan hanyar ciyar da saiwa ce, a ce masa "noma ba ƙasa". Kada a ce "noman ruwa", kunne zai tafi ga noman rani.

Mai Fassara:
Na gode, Malama. Ga yadda zan sa shi: "An buɗe gonar hawa-hawa mai hawa takwas, inda ake noma latas ba ƙasa." In babu mai gyara, shi ke nan.