Muhawara: ko mai keken guragu zai iya zuwa filin wasanni shi kaɗai?

Auta: Assalamu alaikum jama'a. Na kawo muku maganar da muka kwana muna ja da yayana. Shekarata tara a kan keken guragu, tun hatsarin da ya taɓa min laka. Hannayena lafiya lau, ni nake tura kaina, ni nake sauka daga keke in hau gado ko mota. Hutun nan na ƙudurta zuwa ɗaya daga cikin manyan filayen wasannin nan masu lilo da jirgin da ke gudu a kan dogo, kuma ni kaɗai nake son zuwa. Yaya ya ce sam. A ganinsa duk mai lalurar ƙafa da ya shiga irin wurin nan ba ɗan rakiya ya sayi haɗari da kuɗinsa, ya kuma ɗora wa ma'aikata nauyin da ba nasu ba. Ni ban yarda ba. Ku faɗa min gaskiya ko ba za ta yi min daɗi ba.

Baban Yara: Wa alaikumus salam. Auta ki yi haƙuri, ina bayan yayanki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wuni guda ake yi ana zagaye a wuraren nan, ga rana ga cunkoso. Tafkin da ke cikin EPCOT, filin wasannin kamfanin Disney a Florida ta Amurka, shi kaɗai, zagaye shi ya kusa kilomita 2, kuma ɓangare ɗaya ke nan na fili ɗaya. In tayarki ta sace ko kafaɗarki ta ƙage a can ƙurya, wa za ki kira?

Mai Sanda: Malam, "wa za ka kira" ita ce tambayar da ake mana tun daga bakin ƙofar gida. Da ita muke bi, da ko makaranta ba mu je ba. Ni shan inna ce ta same ni ina yaro, da sanduna biyu nake tafiya, in hanya ta yi tsawo in hau keke. Sau uku ina zuwa irin wurin nan ni kaɗai, kuma su ne ranakun da na fi jin daɗi. In na gaji in tsaya, ba na kallon fuskar kowa in ga ko na ɓata masa lokaci. Duk wanda aka taɓa turawa a keke ya san yadda ma'aikaci ke tsallake ka ya tambayi mai tura ka, "zai iya hawa?" kamar ba ka wurin. In kai kaɗai ne, dole da kai za a yi magana.

Injiniya: Ku duka biyun kun kauce wa inda gizo ke saƙar. Nisa da gajiya abu ne da Auta ta fi mu sanin yadda za ta yi da su. Abu biyu ne ke raba gardama. Na farko hawa: yawancin lilon sai an bar keke an koma kujerarsu, kuma kamfanin Disney, alal misali, ya rubuta ƙarara cewa ma'aikatansa ba su da izinin ɗaga baƙo. Wata kujerar daidai take da tsayin keke, sai dai ka zame. Wata kuwa kwalekwale ce da take ƙasa da dandamali, shiga da sauƙi, fitowa ce aiki, don sai hannu ya ɗago nauyin jiki duka zuwa sama. Na biyu saukar gaggawa. Jirgin nan sarƙa ce ke jan shi zuwa kan tudun farko, kuma in na'urar tsaro ta ji wani abu ba daidai ba, nan take tsayar da shi. In bai tashi ba, ta siririyar matakalar ƙarfe da ke gefen dogon ake sauko da mutane, da ƙafa, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba ya taka matakala sai ya zauna a ɗaure har masu aikin ceto su iso.

Baban Yara: To kun ji. Abin da nake gudu ke nan.

Auta: Na ji Injiniya, kuma na gode. Amma bari in tambaye ka: in Yaya yana gefena a saman tudun nan, za a bar shi ya goya ni ya sauko da ni ta wannan matakalar?

Injiniya: Gaskiya ba na jin mai hankali zai yarda da haka, ƙanwata. Masu ceton dai za ki jira, da shi ko ba shi. Amfaninsa a nan shi ne ya zauna da ke, ya yi musu bayanin yadda ake ɗaukar ki ba a ji miki ciwo ba. Wannan kuwa bakinki ma zai iya. Sai dai ki sani, akwai wuraren da suka mai da ɗan rakiya sharaɗi a kan wasu lilon, a Ingila ma ana samun haka. In kin tarar da wannan a rubuce, gardama da yaron da ke bakin ƙofa ba za ta amfane ki ba, ba shi ya kafa dokar ba.

Lauya: Bari in sa baki a kan batun "nauyin da ba nasu ba", don shi ya fi tsaya min a rai. Nasu ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, wadda aka amince da ita a 2006, sashe na 30 ya ambaci shaƙatawa da wasanni da wuraren yawon buɗe ido a matsayin haƙƙi, ba alfarma ba. A Amurka dokar masu naƙasa ta 1990 ta hau kan filayen wasanni, kuma ƙa'idojin gini na 2010 sun ce sabon lilo, in ban da 'yan kaɗan da aka keɓe, sai ya tanadi gurbin da keke zai shiga, ko kujerar da aka ƙera don a zame a hau, ko na'urar da ke taimaka wa hawan. Dokar ta yarda a kafa sharaɗin tsaro, amma ta ce sai an gina shi a kan haɗari na haƙiƙa, ba a kan zato ko yi wa masu naƙasa kuɗin goro ba. Maganar yayan Auta kuɗin goro ce. A ce lilo kaza ba ya hawuwa sai da mataimaki, wannan magana ce. A ce filin gaba ɗaya ya haramta gare ta, wannan kuma tsoro ne kawai.

Maman Biyu: Ni uwa ce, ɗana na kan keke, don haka na san tsoron nan da Lauya ke faɗa, kuma ba na jin kunyarsa. Amma abin da ya dame ni ba wanda kuka ambata: layi. A 2024 Disney ta sauya tsarinta na ba masu lalura lokacin dawowa maimakon tsayuwa a layi, ta taƙaita shi ga masu lalura irin ta galahanga, wato autism. Mai keke kuwa layin kowa yake bi a mafi yawan wuraren, tunda keke na shiga. Sai a tsohon filinsu na Kalifoniya, wanda aka buɗe a 1955, inda wasu layukan suka yi wa keke ƙunci, ake ba shi lokaci ya dawo ta wata ƙofa. To mai ciwon laka yana da lokutan shiga banɗaki da ba a ɗaga su. Kina tsakiyar layi mai lanƙwasa, mutane gaba da baya, wa zai riƙe miki wuri? Ta ina ma za ki juya keken?

Mai Sanda: Hajiya wannan kam kin taɓo gaskiya. Abin da nake yi, kafin in shiga layi in gaya wa ma'aikacin bakin ƙofa ni kaɗai ne, in tambaye shi yadda zan yi in fita ta kama ni. Kuma ba na shiga dogon layi sai na fara biyawa ta banɗaki. Bari in ba ku wanda ya taɓa ba ni wuya. A wani fili da na je, inda ake hawa daban, inda ake sauka daban. Na bar kekena da sandunana a wurin hawa, aka ce za a kai min. Muka zagayo, aka ɗage ƙarfen da ke danne cinya, kowa ya tashi ya tafi, ni ina zaune, dandamali wayam ba keke. Jirgin baya ya tsaya yana jira, mutane sun zuba min ido. Minti kaɗan ne, amma na ji su a jikina. Tun ranar sai na kalli ma'aikaci ido da ido na ce masa, "kekena zai riga ni isa can?" kafin in zauna, kuma sanda ɗaya ba ta rabuwa da ni sai in sun ce ba a hawa da ita.

Baban Yara: To ai da da mutum a tare da kai, da shi zai gangaro maka da keken.

Mai Sanda: Da yana gefena a cikin jirgin, Malam. Shi ma sai ya fita ya nemo. Aikin ma'aikatan ne, kuma da na koma wurin bayan shekara biyu na tarar sun gyara.

Auta: Kun ba ni abin da nake nema. Na buɗe shafin filin, ashe suna da littafin bayani ga masu lalura, lilo bayan lilo: wanda ake shiga da keke, wanda sai an sauka, wanda ake buƙatar mutum ya iya riƙe ƙarfe ya zauna a miƙe. Na ware guda uku da na san hannuna ba zai fitar da ni daga cikinsu ba, na haƙura da su. Sauran zan rubuta musu in tambayi sharaɗin ɗan rakiya da yadda suke saukar da wanda ba ya tafiya. Amsar da suka bayar zan kai wa Yaya, ya karanta da idonsa.

Baban Yara: Ni dai har yanzu hankalina bai kwanta ba, ba zan ɓoye miki ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In kin tafi, ki rataya wayarki a wuya, kada ki bar ta a jakar bayan keke, don in an raba ki da keken an raba ki da ita ke nan.

Maman Biyu: Ki tafi da safar hannu biyu, ƙarfen taya yana zafi in rana ta yi. Kuma in kin dawo ki faɗa min yadda kika yi da layin, ɗana ya fara yi min irin maganar da kika yi wa yayanki.